Saura Kwana Huɗu Goggo Ta Cika Dubu

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa na tsani Hosea, ban tsane shi ba, abin da ya yi kawai nake faɗa. Ke kuma da kika ce in bar Zulaiha ta huta haka, ki yi haƙuri, ba a hannuna abin yake ba.

*

Kwana uku ke nan da Dakta Hamajoɗa ya sallami Zulaiha daga aiki, kwana uku ke nan kuma Hosea bai sa abu a baki ya ji ɗanɗanonsa ba.

Abin da ya faru kowa a Jimeta ya ji. Sakamakon gwajin jinin mutum arba'in da ɗaya ya fita daga lab ɗin Dakta ya shiga WhatsApp, da suna, da lambar waya, da ciwon da aka samu a jikin kowa. A ƙasan kowace takarda kuwa sunan Zulaiha ne, don ita ke shigar da sakamako a kwamfuta. Dakta mutum ne mai saurin hawa, bai tsaya wani bincike ba. Yarinyar ta yi rantsuwa, ta miƙa wayarta a duba, ba wanda ya karɓa. Lokacin da ta ɗauki jakarta ta fita, Hosea, mai kula da kwamfutocin wurin, yana tsaye a bakin ƙofa. Matsawa ya yi ya ba ta hanya.

Yau da safe Dakta ya shigo da wata mata, ya ce lauyansa na son rahoto a rubuce, don haka ta duba komai. Yana gama faɗa ya shiga mota ya wuce Yola.

Hosea ya gane matar tun daga bakin ƙofa. Keturah ce. Ita ta koya masa Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, shekara shida da suka wuce, lokacin ko riƙe linzamin kwamfuta bai iya da kyau ba. Ita ce kuma ta kira Dakta ta ce ya ɗauke shi aiki, ba zai ji kunya ba.

"Ina Goggon taka?" ta tambaya tana murmushi.

Goggo ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan lab ɗin duka. Ma'aikata suka sa mata sunan, wai don ta tsufa kuma kowa wurinta yake kai kuka. Tana wani ɗan ɗaki a baya, da fanka biyu a kanta, da batura shida a gefe. Duk wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a Jimeta zai gane dalilin da Hosea ke ji da kansa: tun ranar da ya kunna Goggo ba ta taɓa mutuwa ba, ko na minti ɗaya. Ya sha baro cin abinci ya taho a guje don an ce sola ta yi rauni. Ranar auren ƙanwarsa Nancy ma sai da ya sulale daga coci ya zo ya tayar da janareta, da kwat ɗinsa da komai. Irin wannan kwamfutar tana ƙirga kwanakin da ta yi a kunne, to wannan lambar ita ce rawanin Hosea. Duk Juma'a sai ya ɗauki hotonta ya tura zauren WhatsApp na 'yan Linux na garin, a yi ta yi masa kirari. Har sun shirya ranar da ta cika kwana dubu za su haɗu su ci kifi a bakin gada.

Keturah ta ja kujera ta zauna gaban Goggo. Ta tambaye shi yaushe ya yi facin ƙarshe. Ya ce mako uku da suka wuce, ya ɗauko littafin aiki ya nuna mata inda ya rubuta da hannunsa cewa an yi faci. Ta gyaɗa kai, ta ce madalla, dama ta san ba zai yi wasa da wannan ba, don ramin da aka gano a watan jiya babba ne.

Ga waɗanda ba harkarsu ba ce, Linux ba na wani kamfani ɗaya ba ne, mutane ne daga ko'ina suke haɗa hannu suna gina shi, kuma komai nasa a fili yake, kowa na iya karantawa. In an gano wani rami da ɓarawo zai iya bi, sai su rubuta gyara su raba kyauta, shi ake kira faci, kamar dai na taya. Matsalar ita ce ranar da faci ya fito, ɓarayi ma sun karanta, sun ga daidai inda ramin yake. Daga nan tsere ne tsakanin mai gyara da mai shiga. Wannan facin kuwa na can cikin zuciyar tsarin ne, ba ya fara aiki sai an kashe kwamfutar an sake kunna ta.

Keturah ta buga layi ɗaya, ta ga facin ya sauka. Ta buga na biyu. Sai hannunta ya tsaya a kan madannan.

Hosea ya tsura wa fanka ido.

"Hosea."

"Na'am, Adda." Haka yake kiranta, wato yaya.

"Zo ka karanta min wannan lamban."

Bai matsa ba. Ya san lambar fiye da ranar haihuwarsa.

"Ɗari tara da casa'in da shida," ya faɗa a hankali.

"Facin ya sauka kwana ashirin da uku da suka wuce. Goggo kuma kwana ɗari tara da casa'in da shida ba ta mutu ba. Ni ce ban iya lissafi ba, ko kai ne ba ka yi ristat ba, ba ka kashe ta ka sake kunnawa ba?"

Ya fara kame-kame. Ya ce aiki ya yi yawa a lab, ba a samun lokacin da za a kashe ta. Ya ce tsohuwar kwamfuta ce, in an kashe ba tabbas ta tashi. Ya ce ya rufe wasu ƙofofin, ya ɗauka hakan zai riƙe. Keturah ta bar shi ya gama tas, ba ta katse shi ba, ita dama haka take horonta. Da ya yi shiru sai ta tuna masa cewa lab ɗin ba ya buɗewa ranar Lahadi, kuma Lahadi uku sun wuce.

"Minti nawa ristat yake ci?"

"Huɗu."

"Minti huɗu." Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Faɗa min gaskiya, ba na son in ji a bakin wani."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shekararsa talatin da ɗaya, amma ji ya yi kamar an kama shi da hannu a tukunyar miya. Maganar da zai faɗa ba ta da girman da za a ce ƙaddara ce, ba ta da nauyin da za a ji tausayinsa. Wauta ce tsagwaronta, kuma ya sani.

"In na kashe ta, ƙirgan zai koma sifiri," ya ce. "Na ce bari ta cika dubu tukuna. Kwana ashirin da bakwai ne kawai ya rage a lokacin. Na ce wa zai kula da ɗan lab a Jimeta."

Keturah ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Juyawa ta yi ta ci gaba da aiki, tana nuna masa abu ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, kamar yadda take yi lokacin yana ɗalibinta. Ga ranar da wani ya shigo daga waje ta shafin da marasa lafiya ke duba sakamakonsu a waya. Ga inda ya bi ta ramin ya zama mai gida a cikin Goggo. Ga inda ya kwashe takardun gaba ɗaya. Ko waye, ba a sani ba, wataƙila ma wani mai koyo ne yake gwada hannunsa. Abin da aka sani shi ne a wannan sa'ar Zulaiha ba ta ma cikin ginin, ranar Lahadi ce.

Sai ta tambaye shi ko ya ga duk wannan kafin yau.

Ya ce ya gani.

"Yaushe?"

"Ranan da abin ya fita."

"Kafin Dakta ya kore ta, ko bayan?"

Ya sake duban fanka.

"Kafin."

A nan ne Keturah ta ɗago ta dube shi sosai, irin kallon da ake yi wa mutumin da aka ɗauka an sani. Ta ce ita ta yi zaton sakaci ta zo gani, sakaci kuwa kowa na yi, ita ma ta taɓa goge bayanan wata makaranta da hannunta. Amma wanda ya ga gaskiya da safe, ya tsaya yana kallo aka kori yarinya da rana, wannan ba ta san sunan da za ta ba shi ba. Kuma abin da ya fi ba ta mamaki, bayan duk wannan, kwana uku cur, bai kashe Goggo ba. Ramin na nan a buɗe, sakamakon mutanen da aka gwada jiya da shekaranjiya duk suna ciki.

"Na ce kar in ɓata shaida," ya ce.

"Ka ce, ko kana jiran dubu?"

Shi kansa bai san wanne ne gaskiya ba, kuma yana tsoron ya sani.

Ta miƙa hannu ta zare wayar intanet daga bayan Goggo. Ta kwafe duk abin da take buƙata a faifanta, ta ce tunda ɓarawo ya kwana a ciki, faci kaɗai ba zai wadatar ba, sai an share komai an sake ɗora tsarin daga farko. Sannan ta ture kujerarta baya ta nuna masa madannan.

"Kashe ta."

Hosea ya matso. Sai da ya yi kuskure sau biyu wajen rubuta umarnin. Ya danna. Rubutu ya gudu a allo, ƙarar da ya saba ji shekara biyu da wata tara ta yi ƙasa, ta ɗauke. Abin takaicin, sai da ya ji zafin lambar a ransa, ya kuma ji kunyar jin zafin.

Keturah ta haɗa kayanta. Ta ce gobe da ƙarfe tara za ta miƙa wa Dakta rahoto, kuma abin da ta gani za ta rubuta, ba ƙari ba ragi. Ba za ta rufa masa ba, kar ma ya roƙa. Amma kafin goben, akwai inda ya kamata ya fara zuwa, kuma ba ofishin Dakta ba ne.

"Ka san gidan su Zulaiha?"

"Unguwar Alkalawa."

"To me kake jira?"

*

Sau biyu yana tsayar da keke yana cewa ya wuce. A na uku ya shiga. Rana ta take, kujerar keken kamar an ɗora ta a wuta, amma shi gumin da yake yi daban ne. Duk tsawon hanya yana shirya magana yana rushewa. In ya fara da bayanin faci, zai zama kamar yana neman mafaka. In ya fara da ban haƙuri, za a tambaye shi na me.

Ana idar da la'asar ya isa. Malam Aji, mahaifin Zulaiha, mutumin Borno ne, shekara talatin yana sayar da huluna a kasuwar Jimeta. Hosea ya tarar da shi zaune a ƙofar gida a kan darduma, ga kwandon huluna a gefe ko buɗewa bai yi ba. Kwana uku bai fita kasuwa ba, don ba ya iya haɗa ido da maƙwabtan rumfarsa.

Tsohon na ganinsa ya washe baki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwan sanyi da dabino a faranti. Ya ce duk ma'aikatan lab ɗin nan ba wanda ya tako gidan sai shi, Allah ya yi masa albarka. Ya ce Zulaiha kullum tana ba su labarinsa, yadda ya zauna ya koya mata kwamfuta ba tare da ya taɓa ɗaga mata murya ba, har tana cewa in da tana da wa, to kamar Hamma Hosea take so.

Kowace kalma sai ta sauka a kan Hosea kamar ana ɗora masa bulo. Ya riƙe kofin ruwan, ya kasa kaiwa baki.

"Sha mana, ɗana. Ka sha rana."

"Baba, magana na zo da ita."

"In na yarinyan nan ne, ka bari. Ta yi kuskure, mun karɓa. Ni ban haife ta don ta tona asirin mutane ba, amma abin da ya faru ya faru."

"Ba ita ba ce."

Malam Aji ya tsaya da jan carbinsa.

"Ba ita ba ce, Baba. Ni ne."

Ya ajiye kofin. Bai ɗago kai ba, tabarma yake wa bayani. Ya ce akwai gyaran da ya kamata ya ƙarasa a kwamfutar, aikin minti huɗu, ya ƙi yi saboda yana son abokansa su yaba masa. Ta nan ɓarawo ya shiga daga waje ya kwashi takardun. Sunan Zulaiha ya fito ne kawai don ita ke rubutawa. Ya ce ya san haka tun kafin a kore ta, kuma yana tsaye a wurin.

Tsohon bai san faci ba, bai san Linux ba, bai kuma nemi a yi masa bayani ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Lokacin da take rantsuwa, kana ji?"

"Ina ji."

Wani mai baro ya wuce yana tallan mangwaro, ba wanda ya dube shi. Hosea ya jira zagi, ya jira a ce ya tashi ya bar ƙofar gidan, har addu'a yake a ransa a yi masa hakan. Amma da Malam Aji ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito, kuma ba da Hosea yake faɗa ba.

Ya ce shi ma ta rantse masa. Daren farko ta rantse, washegari ta sake. Shi kuwa ya ce mata babban likita ba zai yi mata ƙarya ba, ga kuma sunanta a rubuce kowa na gani. Ya daina amsa gaisuwarta. Yau da safe ya ce in har shi ya haife ta, ta shirya ta je Yolde Kohi gidan Bobboyi, wanda sakamakon matarsa na cikin waɗanda suka fita, har dangin miji suka taso matar a gaba. Ya ce ta durƙusa a gabansu ta ba su haƙuri. Ya haɗa ta da ƙanwarsa Mairam, tun azahar suka tafi.

Hosea ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zaro waya ya ce bari ya kira ta yanzu, kar ta ce komai. Malam Aji ya girgiza kai, ya ce wayar na ɗakinsa, shi ya karɓe tun shekaranjiya.

"To mu bi su, Baba. In an samu keke minti—"

Bai ƙarasa ba wani keke ya tsaya a gabansu.

Mairam ce ta fara sauka, fuskarta a ɗaure. Zulaiha ta biyo ta a hankali. Ta rame a kwana ukun nan, idanunta sun kumbura, hijabinta kuma daidai gwiwa duk ƙasa ce. Ta zo ta tsuguna gefen dardumar mahaifinta, ba ta lura da baƙon ba tukuna.

"Baba, na je. Na ba su haƙuri."

Malam Aji ya kawar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Sun ce haƙuri ba zai yi ba sai na faɗa da bakina cewa ni na yi. Na ƙi, na ƙi, sai na tuna ka ce kar in dawo sai sun yafe." Ta goge hanci da bakin hijabi. "Na faɗa. Ƙanin mijin ya ɗauka a waya. Kafin mu samu keke ya riga ya tura."

Sai a lokacin ta juya ta ga Hosea. Duk da halin da take ciki sai da fuskarta ta ɗan saki, ta gyara tsugunonta ta gaishe shi da ladabi.

"Hamma Hosea, kai ne da ranan nan? Na gode. Na san ko kowa bai zo ba, kai za ka zo."

Hosea ya sunkuyar da kai.

Malam Aji ya ajiye carbinsa a kan darduma. Bai dubi 'yarsa ba, ba zai iya ba. Sai ya dubi Hosea.

"Ɗago kanka," ya ce. "Maimaita mata abin da ka faɗa min."